Bishiyar da Orval Demchuk Ya Sa Aka Sare

Duk wanda ya tashi a Halka, can cikin filayen Saskatchewan, ya san Orval Demchuk. Manomin alkama ne kamar mahaifinsa, amma ba noman ne ya yi masa suna ba, gyara ne. Tarakta ta mace a tsakiyar gona ana girbi, a kira Orval. Famfon rijiya ya ƙi jawo ruwa, a kira Orval. Injin ɗumama coci ya ɗauke a watan Janairu, kafin fadan cocin ya gama cigiya an ga tsohuwar motarsa ta ɗaukar kaya a bakin ƙofa. Abin da yake so a ba shi bai wuce kofin gahawa ba, sai kuma a girgiza kai a ce, "Kai Orval, hannunka daban ne." Wannan maganar yana sonta, ya kuma ji ta har ta bi jininsa. Ya kai shekara saba'in da ɗaya ba a taɓa jin ya ce bai sani ba a kan wani abu mai noti ko mai amfani da wuta. Matarsa Stefka takan ce ranar da haƙori ya dame shi, filaya zai fara nema kafin likita.

Tsallaken titi, gida na kallon gida, Lorne Friesen ne. Tare suka yi firamare, tare suka yi furfura. Lorne mutum ne mai sanyin hali, maganarsa ba ta da yawa. Tun da matarsa Hilda ta rasu, kullum ƙarfe goma na safe sai ya tsallako kicin ɗin Stefka ya sha gahawa, su yi ta musu da Orval a kan ko za a yi ruwa. A ƙofar gidansa akwai wata ƙatuwar bishiyar fofla da mahaifiyarsa ta dasa shekarar da aka gina gidan. Mutum biyu ba sa iya rungume ta. A gindinta akwai benci, nan Hilda take zama tana ɓare wake, nan kuma Lorne yake wuni idan zafi ya shigo.

Intanet ɗin gidajen bayan gari ta iska yake zuwa. Kamfani ya kafa eriyarsa a kan dogon rumbun hatsin Halka, kilomita goma sha ɗaya daga gonar Orval, kowane gida kuma an ɗaura masa ɗan farin faranti a saman rufi yana fuskantar rumbun. Daga farantin kebur yake saukowa ta jikin bango ya shiga gida, ya ƙare a rawuta, akwatin nan mai 'yan fitilu da ke raba wa kwamfuta da wayoyin hannu. Shekara biyar abin yana tafiya lafiya. A ta shida, da ƙanƙara ta narke, sai ya fara tsiya: yau ya yi, gobe ya ja ƙafa, jibi ya ɗauke gaba ɗaya.

Da farko Orval bai damu ba, don shi hasashen yanayi kawai yake dubawa. Sai 'yarsu ɗaya tilo, Tamara, ta bugo daga Calgary. Aurenta ya mutu, tana zaune da 'yarta Iris a wani ƙaramin gidan haya, aikinta na kamfanin inshora kuma daga gida take yin sa.

"Baba, ni fa a ko'ina zan iya zama, muddin akwai intanet mai kyau," in ji ta. "Ina tunanin mu zo mu gwada mako biyu. In ya yi, wa ya sani, ƙila mu dawo gida ke nan."

A satin nan Orval ya fente ɗakinta na da, ya ƙera mata tebur da katakon da ya shekara yana ɓoyo, ya gyara tsohon kekenta saboda Iris.

Sun iso a watan Yuni, ana ta ruwa. Kwana na farko taron ofis ya tafi daidai. Na biyu fuskar shugabarta ta daskare a allon kwamfuta, baki a buɗe. Na uku muryar Tamara ce ta dinga yankewa har aka ce ta kashe hoto ta rubuto abin da take son faɗa. Daga nan sai ta koma fita da sassafe zuwa gari, ta ajiye mota a ƙofar laburare ta wuni a ciki tana aiki da kwamfuta a kan cinya. A kwana na tara ta haɗa kaya.

"Ba fushi na yi ba, Baba. Aikin ne ba zan iya wasa da shi ba. In an gyara, za mu dawo a Agusta."

"Za a gyara," in ji Orval. "Ni ne fa."

Ya duƙufa. Ya zare rawuta daga soket, ya ƙirga talatin, ya mayar. Ya ɗauke ta daga bayan firji ya ɗora a saman kabad. Ya hana Stefka ɗumama abinci a na'ura saboda ya ji ana cewa tana rikita sigina, har ta ce in dai haka ne ya shirya cin firogi, 'yan ƙunshin fulawar nan masu dankali a ciki, da sanyinsu. Ya je birni ya sayo sabuwar rawuta mai ƙahonni huɗu. Babu abin da ya sake. Sau ɗaya ya bugi kamfanin. Wata murya mai ladabi ta ce, "Yallaɓai, ko za ka gwada kashewa ka kunna?" Ya ce tun kafin a haifi mai maganar yake kashewa yana kunnawa. Da aka ce za a turo ma'aikaci ya duba, sai ya ce ba ya bukata, ya ajiye waya.

Rannan da hantsi ya kafa tsani ya hau rufi da madubin hangen nesa. Ya sa ido ta gefen farantin ya nufi Halka. Ga rumbun can, ɗan ƙarami, amma a gabansa, ɗan gefe kaɗan, ga kan bishiyar Lorne ya yi luf da ganye yana kaɗawa. Nan take lissafi ya zauna masa. Da sanyi, bishiya ba ganye, intanet lafiya. Ganye ya fito a Mayu, matsala ta fara a Mayu. Ya sauko yana murmushin wanda ya kama ɓarawo.

Stefka tana yanka kabeji ta ce, "Ita bishiyar bara ba ta yi ganye ba ne?"

"Ta ƙara tsawo."

"To kebur ɗin nan da ka datse da shebur a kaka, da kake haƙa mini wurin fure fa?"

"Ni na haɗa shi da hannuna, na naɗe shi tsaf. Haɗin da na yi ba ya lalacewa."

"Na dai faɗa."

"Kin faɗa, na ji."

Bai ko leƙa wurin ba. Washegari da Lorne ya zo shan gahawa, Orval ya zana masa layi a bayan ambulan, daga rufinsa zuwa rumbu, ya diga baƙin ɗigo a tsakiya.

"Ka ga wannan? Tsohuwar bishiyarka ce ta tare hanya."

Lorne ya yi dariya. "Shekara tamanin tana tsaye ba ta tare wa kowa komai ba, sai kai?"

"Ba wasa nake ba, mutumina."

"To a rage mata rassa ta sama."

"Ta sake tohowa baɗi? Dukkanta ce matsalar."

"Ka ƙara wa farantin tsawo mana. Kai da ke da ƙarafa cike da shagon gyara."

"Iskar nan ta kwashe mini rufi? Na auna komai, Lorne. Babu wata hanya."

Lorne ya juya kofinsa a kan tebur, ya juya, sannan ya ce, "Orval, ka san abin da bishiyar nan take a wurina."

A nan ne Orval ya faɗi maganar da har yau in ya tuna ta sai ya runtse ido. Ya ce, "Na sani. Amma kai naka 'ya'yan sun tafi ba su da niyyar dawowa. Ni tawa tana so ta dawo. Itace za ka fifita a kan yarinyar da ta tashi tana kiranka Kawu?"

Stefka ta ajiye cokali. Lorne ya miƙe a hankali, ya ce mata an gode da gahawa, ya sa hularsa ya fita. Kwana shida bai tsallako ba. Orval yana hango shi ta taga a kan benci, hannaye a kan gwiwa. A na bakwai sai ga shi a bakin shago, bai shigo ba.

"Ka zo da zartonka na inji gobe. Nawa ya yi mata kaɗan."

Wuni guda suka yi. Orval ya hau da igiya ya sauke rassa ɗaya bayan ɗaya, da irin ƙwarewar da aka san shi da ita, ko gilashi ɗaya bai fashe ba. Lorne ya janye bencin zuwa jikin bango, ya riƙe igiya duk inda aka ce ya riƙe. Da la'asar gangar jikin ta kwanta, ƙasa ta girgiza har karnuka suka yi ta haushi a gona ta uku. Gidan Lorne ya fito fili tsirara, fentinsa duk ya koɗe ta gefen da ba a taɓa gani ba. Lorne ya tsuguna ya shafa kututturen, ya fara ƙirga zoben shekarunta da yatsa, ya kai wani wuri ya bari.

"Zan tsaga maka ita, ka samu itacen wuta na shekara uku," in ji Orval.

"Fofla ba ta da wuta mai kyau," in ji Lorne. "Ka gaida Tamara."

Abin da ya ƙara ɗaure Orval shi ne, intanet ɗin ya gyaru. Aka yi kwana goma sha biyu rana na dukan ƙasa, ba ko ɗigon ruwa, komai yana buɗewa cikin ƙiftawar ido. Ya kira Tamara ta bidiyo ya zagaya da ita gida, har cikin kicin, hoto bai yanke ba. Ya faɗa wa mutanen kantin kayan gona yadda ya gano matsalar da kamfani ya kasa ganowa. A kwana na goma sha uku hadari ya taso daga yamma, aka wuni ana ruwa. Da safe fitilar rawuta ta koma ja.

Wannan karon Stefka ba ta shawarce shi ba, ita ta bugi kamfanin. Aka turo Colette Lavallee, wata mace mai kimanin shekara hamsin, wadda ta yi shekaru tana hawa rufin gidajen yankin. Ta hau ta jona na'urarta a jikin farantin, ta ɗan jima, ta sauko.

"Mista Demchuk, a sama komai lafiya. Siginar da ke zuwa daga rumbu ƙarfinta ya kai. Na duba bayanan wata shida, ba ta taɓa raguwa ba."

"Ai don an sare bishiyar ne."

"Wace bishiya?" Ta waiwaya ta ga kututture a tsallaken titi. Ta dubi rumbu, ta dubi kututturen. "Ta can? Layinku ta kan shagon maƙwabcinka yake bi, ba ta nan ba."

Ta bi kebur da hannu daga sama har inda ya shige ƙasa a gindin taga, cikin furannin Stefka. Ta sa ɗan shebur ta tone. Sai ga dunƙulen baƙin salatif, naɗin Orval, tsaf kamar yadda ya faɗa. Ta yanka shi da wuƙa, ruwa ya tsiyayo, ƙananan wayoyin ciki duk sun yi kore.

"Ga mutumin," in ji ta. "In aka yi ruwa ya jiƙe, in rana ta fito ya bushe ya ɗan yi aiki. Wa ya haɗa wannan?"

Stefka tana tsaye a bakin ƙofa.

"Ni ne," in ji Orval.

"Naɗin ya yi kyau," in ji Colette. "Sai dai irin wannan ba a binne shi."

Minti arba'in ta yi ta sa sabon kebur, ta sha ruwa, ta tafi. Tun daga ranar intanet ɗin gidan bai ƙara ɗaukewa ba, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara.

Orval ya shiga shago ya zauna a kan bokiti har lokacin abinci ya wuce. Da Stefka ta biyo shi, abin da ya fara cewa shi ne, "Kada ki faɗa masa."

"Ni ba zan faɗa ba. Ba ni na sare ba. Kai za ka faɗa."

"Zan faɗa. Ki bari in samu lokacin da ya dace."

Lokacin bai zo ba. Lorne ya ci gaba da zuwa shan gahawa, amma ba kullum ba, kuma Orval ya tsiri aiki a bayan gona daidai ƙarfe goma. In sun haɗu Lorne yakan tambaya, "Yaya na'urar taka?" shi kuma ya ce, "Lafiya lau," ya kawo zancen alkama. Tamara ta zo a Agusta, ta yi mako uku tana aiki a kan teburin da ya ƙera, ba matsala ko ɗaya. Ta tsallaka ta rungume Lorne ta yi masa godiya har da hawaye, Orval yana tsaye yana kallon takalminsa. Amma da aka kusa komawa makaranta, Iris ta ce ita ba za ta rabu da ƙawayenta ba, ofis kuma ya ce kowa ya riƙa zuwa kwana uku a mako. Suka koma Calgary.

Sanyin shekarar ya zo da ƙarfi. Iskar da bishiyar take tarewa ta riƙa dukan ƙofar Lorne kai tsaye, ƙanƙara tana taruwa har rabin taga. Orval yakan je da tarakta ya share masa tun kafin ya tashi, ya dawo bai ƙwanƙwasa ba. A Fabrairu Lorne ya zame a kan matakala ya karye a ƙugu. Daga asibiti ɗansa ya wuce da shi Saskatoon, ya sama masa ɗaki a gidan kula da tsofaffi. Aka sa gonar a kasuwa.

Sai a Afrilu Orval ya yi tafiyar awa uku ya je. Stefka ta ba shi miyar jan gwaza a kwano ya kai masa. Ya tarar da Lorne a keken guragu kusa da taga, ya rame, amma idonsa garau. Suka yi zancen shuka, suka yi na wanda ya sayi gonar. Orval ya miƙe zai tafi, ya kai ƙofa, ya dawo ya zauna.

"Lorne, ba bishiyar ba ce."

"Na sani."

"Kebur ne. Ni na datse shi, ni na—"

"Na ce na sani. Colette daga gidanka gidana ta zo ta duba nawa. Ba ta so ta faɗa ba, ni na matsa mata."

Orval ya ce, "Tun Yuli? Kuma ba ka ce komai ba?"

"Me zan ce? Da na ce, za ka mayar da ita ne?" Lorne ya gyara bargon da ke kan ƙafarsa. "Saran bai dame ni kamar yadda kake zato ba. Don Tamara na yi, kuma da za a sake zan sake. Abin da ya ci mini rai shi ne wata bakwai ina zuwa gidanka, kana gudu bayan gona. Ni kaɗai nake zama da Stefka muna kallon kujerarka."

"Kunya ce ta hana ni."

"Na san kunya ce. Da ka zo ka faɗa, da na zage ka tas na kwana biyu, shi ke nan. Ka hana ni ko wannan."

Orval ya roƙe shi ya yafe masa. Lorne ya ce ya yafe, kuma da gaske yake, sai dai ya faɗe ta ne da muryar wanda ya gaji. Ya ce a buɗe miyar tun ba ta huce ba. Suka raba ta a kofunan roba, Lorne ya ce gishiri ya yi kaɗan, a gaya wa Stefka hannunta ya fara tsufa.

Bayan nan Orval ya riƙa zuwa duk ranar Laraba ta farkon wata, shekara ɗaya da wata huɗu, har Lorne ya rasu. Orval ne ya riƙe gaban akwatin gawar ta dama. Gidan tsallaken titi wani kamfanin noma ne ya saye shi, ba kowa a ciki, sai manyan motoci da ke kwana a farfajiyar lokacin girbi.

Orval yana nan, ya bar noma ya ba da hayar gonar. Bara da kaka wata maƙwabciya, Darlene Sawchuk, ta kawo masa ƙarar cewa intanet ɗinta yana ɗaukewa, ita kuma tana zargin sabon rumbun ƙarfen da aka gina kusa da ita. Ya je ya zagaya gidan sau biyu, ya duƙa ya duba gindin bango, ya daɗe yana kallon rumbun. Sannan ya rubuta mata lambar Colette a takarda, ya ce ta kira ranar Litinin, kafin nan kada ta yi wa mai rumbun magana.